Yadda Na Je Kano Na Sayo wa Kaina Tonon Asiri

A Sabuwa samun muƙami ba ya wuya. In ka iya saka wa mutum WhatsApp a waya da hantsi, kafin la'asar ka zama Injiniya. Nawa muƙamin ya fi wannan tushe, domin ina da difloma, kuma ni ke riƙe da kwamfutar shagon kawuna, wanda duk gari ke ce wa Alhaji. Da damina muna sayar da taki da iri da maganin feshi. Da kaka mu juya sayen masara da dawa da waken suya, a yi lodi zuwa Dandume da Funtuwa, in kasuwa ta yi kyau har Dawanau.

Alhaji bai taɓa ganin amfanin kwamfuta ba sai a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin 'yar ɗari biyu da 'yar ɗari biyar da 'yar dubu, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kowa ya koma tiransfa. Wannan ya ce ya turo, alat bai shigo ba. Wancan ya turo da wayar maƙwabcinsa, sunan wani ya fito. Masu POS suka zama sarakai, littafin Alhaji kuwa ya hargitse har shi kansa ya daina gane rubutunsa. A wannan halin ne wani saurayi mai zaƙin baki ya zo daga Kano ya saka mana manhajar lissafin shago, ya nuna mini inda ake dannawa, ya karɓi kuɗinsa, ya hau mota tun rana na sama, kamar yadda duk mai hankali yake yi a hanyarmu.

Wata rana sai ga saƙon gayyata. Kamfanin manhajar zai tara masu amfani da ita a wani otal a Kano, kuma ana gayyatar Manajan Kuɗi na kowane shago. Da na karanta wa Alhaji, ya duba hagu ya duba dama ya ce, "To, mu wa ke gare mu mai wannan sunan?" Na yi gyaran murya. Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ƙirgo kuɗin mota, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: in dawo da abin da zai ƙara wa shago kuɗi, ban da surutu.

Na yi tunani mai zurfi a kan sutura. Taron ilimin zamani ba wurin shadda ba ne, don haka na ari kwat ɗin da wani abokina malamin makaranta ya yi bikin aure da ita. Ya fi ni gajarta, amma in ban ɗaga hannu ba babu mai ganewa. Daga Sabuwa na bi ta Dandume zuwa Funtuwa, na sauya mota, muka miƙe Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo. Duk tsawon hanyar ina haɗa tambayar da zan yi da Turanci ina maimaita ta a zuci, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce Allah ya karɓi wuridin.

Da na shiga zauren taron na tarar da manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, kowa cikin shadda da yadi mai sheƙi, turare na tashi. Masu kwat a wurin mu ne ni da ma'aikatan otal. Ban kai ga zama ba wani Alhaji ya yafito ni ya ce in kawo masa ruwan roba. Na kawo masa, tunda na riga na ga inda aka ajiye, kuma girmama na gaba ba ya rage wa manaja komai. Na kusa da shi ma ya ce yana so.

A teburin rajista wata budurwa ta tambaye ni rassa nawa kamfaninmu yake da su. Na ce uku. Ban yi ƙarya ba: akwai shago, akwai sito, akwai bencin da muke kafawa gindin bishiya ranar kasuwa. Ta rataya mini kati a wuya, ta ba ni jaka mai tambarin kamfani da biro da ɗan littafi.

Mai jawabin farko daga Legas ya zo. Ya faro daga nesa, ya ce a 1494 wani malamin Italiya mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a birnin Venice da ya bayyana tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, gefen shiga da gefen fita, kuma a kan wannan tsarin duk manhajojin lissafi suke tafiya har yau, daga QuickBooks da Sage zuwa Tally ta Indiya. Na rubuta a littafina cewa Alhaji ma sau biyu yake rubutawa, ɗaya a takarda ɗaya a kansa, kuma in suka saɓa na kansa ne gaskiya. Dattijon da ke gefena, wanda na lura tun safe ɗansa ne ke danna masa waya, ya matso ya raɗa mini: "Yaro, Alhassan Ɗantata da ya kai wa bankin Turawa raƙuma ashirin na kuɗin azurfa a 1929, wace manhaja ya danna?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa ya buƙaci raƙuma." Bai yi dariya ba. Ya ce in miƙo masa ruwa.

Mai jawabi na biyu ya yi bayanin cewa yanzu lissafin shago ba a cikin kwamfuta yake kwana ba, a intanet ake ajiye shi, ko gobara ta cinye shago lissafi na nan. A nan tambayata ta samu ƙofa. Na ɗaga hannu, kwat ta yi ƙara a hammata, aka kawo mini abin magana. Ina miƙewa Turancin da na goyo tun daga Malumfashi ya sulale. Abin da ya saura a bakina gaisuwar safiya ce kawai, ita na yi musu da ƙarfi, alhali an daɗe da saukowa daga azahar. Lasifika ta yi kuwa. Sai na ga ai ba laifi ba ne mutum ya tausaya wa dattawan da ke wurin ya yi musu Hausa.

Na ce a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da mu Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume da Funtuwa. Muka yi watanni ba kira ba intanet. In haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, lissafin namu wa zai je ya ɗauko mana shi? Zauren ya yi tsit, har na ji wasu na cewa gaskiya ne. Na fara tunanin yadda zan ba da labarin a majalisa. Sai mai jawabin ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai kyau, kuma manhajar tana aiki ko babu sabis, in ya dawo ta aika da kanta. Wajen kunna wannan yana nan a kusurwar allo tun ranar da aka saka mana ita. Na tuna yawan ranakun da na rufe kwamfuta na ce wa Alhaji yau babu aiki, sabis ya ɗauke. Ya tambaye ni wane samfuri muke amfani da shi. Ni ban san tana da iri-iri kamar masara ba, sai na ce mai jure fari.

Abincin rana na ɗiba da kanka ne. Na ɗiba da kaina. Abin da ya gagari ciki na naɗe a takarda na sa a jakar kamfani, domin almubazzaranci haramun ne.

Da yamma aka zo gwaji. Wata malama mai koyarwa ta nemi wanda zai haɗa kwamfutarsa da majigi a duba lissafinsa a gyara masa kyauta, kuma akwai tukuicin abin cajin waya. Kowa ya sunkuyar da kai. A lokacin na ɗauka rashin ƙarfin hali ne.

Littafin shagonmu ya bayyana a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta fara da rabe-raben kaya. Manhajar tana da gurbin taki, gurbin iri, gurbin hatsi, gurbin albashi da na sufuri. Ni kuwa saboda sauƙaƙa wa mai dubawa na zuba komai a gurbi ɗaya mai suna Sauransu. Ta yi shiru, ta sha ruwa, ta wuce shafin masu bashi. Nan zauren ya farka. Sunayen kamar yadda muke kiransu a shago na rubuta su: Mai Jan Babur, Na Bayan Masallaci, Dogo Mai Rantsuwa, Surukin Alhaji Kada A Tambaya.

Ta ce me ya sa ranar biyan kowa ta zama 31 ga Disamba. Na ce manhajar ce ta ƙi wucewa sai an ba ta rana, mu kuwa ranar biyanmu sunanta kaka. Na yi mata bayani dalla-dalla. Manomi yana ɗaukar buhun taki a watan Yuni ba ko sisi. In ya cire amfani wajen Oktoba ko Nuwamba sai ya biya da masara, a farashin ranar da ya kawo, farashin da babu wanda ya san shi ranar da aka ci bashin. In damina ta yi gardama, ko tsoro ya hana shi zuwa gonar da ke nesa da gari, bashin ya tsallaka baɗi, kuma ba a rubuta masa tara. Ta tambayi ma'aunin. Na ce tiya. Ta ce kilo nawa ce tiya? Kafin in buɗe baki zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce tiya arba'in ke cika buhu mai kilo ɗari, wasu suka ce ya danganta da tozon da aka yi mata, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ya danganta da ko saye kake ko sayarwa. Malamar ta ɗauki biro tana rubutu a littafinta. Wannan kam nasara ce, ina so a rubuta mini ita: na je koyo na koyar.

Sai idonta ya kai saman jerin, kan wanda bashinsa ya fi na kowa. Sunansa Wani Bawan Allah. Ta ce wane ne? Na ce mutumin kirki ne, mai iyali, ba ya son a ambaci sunansa. Zauren ya ce Allah sarki. Ta ce irin waɗannan ai akwai maganinsu, ta nuna mini wani wuri da in an danna, manhajar za ta aika wa duk mai bashi saƙon tuni a wayarsa, da sunansa da adadin kuɗin. Na ce a raina, ga tsarabar Alhaji ta samu. Aka ba ni abin caji da takardar shaidar halarta, na sa ta a jaka. Sai a mota na tuna me ke cikin jakar. Har yanzu takardar na rataye a shago, kuma wajen sa hannun shugaban kamfanin ƙanshin kaza yake.

Washegarin dawowata bayan la'asar majalisar ƙofar shago ta cika. Na ba da rahoto tun daga Venice har zuwa yadda na kulle bakin masu manhaja da maganar tiya. Batun ruwan roba ban ga ya shafi kasuwanci ba, na tsallake shi. Alhaji ya ce, "Mun ji surutun, ina kuɗin?" Na buɗe kwamfuta, na ce kowa ya zuba ido, na danna.

Abin da ba a faɗa mana a Kano ba shi ne, bashi a garinmu da kunya yake tafiya. Alhaji bai taɓa ce wa mutum biya ni ba. Sai dai ya gaishe shi, ya tambayi gona, ya ce ya ji masara ta yi kyau bana, mai bashi ya gane karatun. Akwai wanda ake aika wa yaro, akwai wanda ake jira ya kawo da kansa, akwai wanda har abada ba za a tambaya ba saboda abin da ubansa ya taɓa yi wa gidanmu. Duk wannan yana kan Alhaji, babu gurbinsa a manhaja. Ita kowa ɗaya ne a wurinta, kuma da sunan da aka ba ta take kira.

Wayoyi uku suka yi ƙara a cikin majalisar kanta. Dogo ya karanta nasa, ya miƙe ya fara rantsuwa cewa shi ba mai rantsuwa ba ne. Ba a jima ba sai ga surukin Alhaji a ƙafa, ko hula bai tsaya sawa ba, ya miƙa wa Alhaji waya ya ce a karanta masa wa ya ce kada a tambaye shi, kuma tunda an ce kada a tambaya me ya kawo tambayar.

Alhaji ya ba da haƙuri ya sallame shi, ya ɗauko tabarau, ya ce in juyo masa allon. Ya bi jerin da yatsa har sama.

"Wannan Bawan Allah fa? Ban san shi ba."

"Kawu, mutum ne mai neman rufin asiri."

"Aika masa shi kaɗai mu gani."

Na danna. Aljihuna ya yi ƙara. Na ce saƙon kamfanin waya ne, sun dame mu da talla. Ya ce in sake dannawa. Aljihun ya sake amsawa.

Ina so mai karatu ya yi adalci. Manhajar ba ta karɓar suna sai da lambar waya, ni kuwa lamba ɗaya na haddace a duniya. Sannan duk ɗan abin da na ara na cefane da na suna da na gyaran babur, ban bar ko naira ban rubuta ba. A nemo mini wani akawun mai irin wannan amanar daga nan har Faskari. Alhaji dai bai kalli abin ta wannan fuskar ba. Ya cire tabarau ya ce rana dubu ta ɓarawo, majalisa ta ƙarasa masa.

A makon nan kuɗi suka shigo shago fiye da yadda aka saba, domin mutane da dama sun gwammace su biya da a sake kiransu da sunan da suka gani. Alhaji ya sabunta rajistar manhajar ta shekara guda ba tare da ya nemi ragi ba. Lambar sirri ta koma hannun 'yarsa da ta gama sakandare, wadda cikin kwana kaɗan ta raba Sauransu gida-gida ta gyara sunayen mutane. Bashin Wani Bawan Allah ana cirewa daga albashina duk wata, saƙon tuni kuma yana iso ni duk Juma'a, ita ta ƙi sauya wannan sunan.

Da gayyatar taro na gaba ta zo, Alhaji ya ce da kansa zai je, shi da yarinyar. Ni ma ya ce in shirya, domin ana buƙatar mai riƙe jaka, kuma wani abokinsa na Kantin Kwari ya shaida masa cewa na san inda suke ajiye ruwa.