Ladubban Sallamar Baƙin Zuciya, ga Ma'abota Alƙalami

Duk wanda Allah Ya ɗora wa neman abinci da alƙalami, ko ɗan jarida ne wanda edita ke tsaye a kansa, ko mawallafin hikayoyi, ko mai tsara wasan kwaikwayo domin gidan rediyo, ya san wata irin musiba wadda ba a kai ƙararta gaban alƙali, ba a kuma samun maganinta ko a kasuwar Kurmi: wato mutum ya zauna da kyakkyawar niyya, ya gyara takarda, ya yi bisimilla, amma kafin ya kai ƙarshen saɗara ta biyu sai ya tarar hankalinsa ya riga ya tafi kasuwa, ya biya ta gidan suna, ya tsaya ciniki wajen mai gyaran babur, ya bar gangar jiki ita kaɗai riƙe da alƙalami. Malaman tarbiyya sun daɗe da sanin wannan cuta, har Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani cikin Ihya'u a kan abubuwan da ke ɗarsuwa a zuciya da hanyoyin da waswasi ke bi ya shiga. Abin da nake so in ƙara a kan nasu, bisa ƙauna ga 'yan'uwana na sana'a da kuma takaicin yawan littattafan Hausa da suka mutu a babi na uku, shi ne 'yan dabarun zama da wannan hali.

Ka sani, ya ɗan'uwana, zuciyar marubuci kamar zauren mai unguwa take, kowa ya zo wucewa sai ya leƙo ya yi sallama, kuma da zarar an ga ka shimfiɗa takarda sai baƙi su yi ta tururuwa kamar an yi shela. Kada ka kuskura ka ce za ka kore su da sanda, domin tunanin da aka kora da ƙarfi yakan koma ne ya gayyato danginsa. Ladabin da ya dace shi ne ka ajiye wata 'yar takarda dabam a hannunka na hagu, duk baƙon da ya shigo ka amsa masa sallama, ka rubuta sunansa da buƙatarsa cikin kalma uku ko huɗu, ka yanke masa wa'adin da za ka saurare shi, sa'an nan ka juya ga aikinka. Gama yawancinsu tsoron mantuwa ne ke sa su naci, idan suka ga an shigar da su rajista sai su nemi gefe su zauna shiru. Shaihu Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allimi, ya hori ɗalibi da kada ya rabu da tawada a kowane lokaci, Ibnul Jauzi kuwa littafi guda ya tara, Saidul Haɗiri, daga irin waɗannan tunane-tunane da ya riƙa kamawa yana ɗaurewa da rubutu kafin su tsere.

Baƙon da ya fi kowa sammako shi ne Malam Cefane, kuma shi dattijo ne mai haƙƙi, ba a yi masa rashin kunya. Ana jingina wa Imamu Shafi'i cewa da za a ɗora masa sayen albasa guda, da ba zai iya fahimtar mas'ala ko ɗaya ba. To, idan albasa ɗaya tak ta isa ta ɗauke hankali irin wannan, ina ga kai da ke bin sawun albasa, da manja, da daddawa, da gawayi, da kuɗin makarantar yara? Maganinsa shi ne a sallame shi tun da dare: kafin ka kwanta ka ƙirga abin da ya sauwaƙa ka miƙa wa uwargida, ku gama shawarar abin da za a ɗora gobe, domin kada a zo a tsaya maka a kai da maganar kuka ko kuɓewa a daidai lokacin da jarumin labarinka yake tsakiyar kogi. In kuwa aljihun ne ba kome, wannan babbar magana ce, ba kuwa zan raina ta da wasa ba, don na san marubuta da yawa da rashi ya karya wa alƙalami. Iyakar abin da zan ce shi ne ka tsai da abu guda da za ka yi a kai, da sa'ar da za ka yi shi, ka rubuta, domin damuwar da aka sa wa rana ta fi wadda ke yawo sakaka sauƙin ɗauka. Haka za ka yi da Alhaji Bashi, da Hajiya Gudummawar Biki, da ta'aziyyar da ka yi kwana uku kana cewa gobe: wanda za a iya biya a biya, wanda ba za a iya ba a aika masa da uzuri na gaskiya.

Akwai kuma wani baƙo mai dogon harshe, wato tsohuwar husuma. Wani ya gaya maka magana a majalisa makon jiya, ba ka sami amsa ba a lokacin, sai yanzu da ka zauna aiki amsoshi ke zuwa maka jere, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi, har ka ga ka kafa kotu a cikin ƙirjinka, kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali. Fasahar da ka ɓatar a wannan shari'a ta isa babi guda. Ka yafe masa don Allah, ka sami lada biyu, na afuwa da na aikin da ka ceto. In kuwa amsar ta yi daɗin da ba za ka iya zubarwa ba, ka sa ta a bakin wani cikin mutanen labarinka.

Sai kuma baƙi na jini da tsoka, masu sallama a ƙofar gida da gaske. A nan ina roƙonka kada ka aiki yaro ya ce ba ka nan, domin ƙarya ce, kuma koya wa yaro ƙarya ne, ga shi kuma yaro amintacce ne, zai je ya ce kai ka ce a ce ba ka nan. Zumunci wajibi ne, rubutu bai soke shi ba. Ka koyi dabarar Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza wanda ya rasu a 1201, wanda da ya ga masu ziyarar hira sun dame shi, ya kuwa ga ba shi da halin korarsu, sai ya riƙa tara wa lokacin zuwansu ayyukan da ba su bukatar tunani, kamar yankan takarda, da fiƙe alƙaluma, da ɗaure littattafai, hira na tafiya hannunsa na aiki. Kai ma ka tanadi irin naka: jera shafuka, sa musu lamba, ɗinke wanda ya ɓalle, kakkaɓe ƙurar kanta. Sa'an nan ka sanar da abokanka, da fara'a da girmamawa, cewa zaurenka a buɗe yake daga la'asar zuwa magariba, da shayi da goro; ba za a yi wata guda ba sai ka ji su da kansu suna hana wani buga maka ƙofa da hantsi, suna cewa Malam yana kan aiki.

Amma duk waɗannan masu kunya ne idan aka gwada su da wayar salula, wadda ba ta sallama, ba ta jiran izini, ta kuma zo da mutanen duniya gaba ɗaya a bayanta. Hilar da ta fi yi wa marubuci ita ce ta nemi shiga da rigar ilmi: kana cikin rubutu sai ka bukaci shekarar da aka yi wani abu, ka ce bari in duba intanet minti ɗaya, ba ka farga ba sai ka ji ladan yana kiran azahar, kai kuwa kana cikin rukunin WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinku kana raba gardamar ƙwallo. Saboda haka duk abin da ya ɓace maka ka bar masa gurbi, ka yi alama, ka wuce, in an jima ka tara su ka bincika a zama ɗaya. Ita kuwa wayar, kifa ta a gabanka ba ya wadatarwa, sa ta aljihu ma haka. Ka ba da ita amana a wani ɗaki, a hannun wanda ba ya jin nauyinka, kamar uwargida ko wata gwaggo mai tsauri, da sharaɗin kada a ba ka ko ka yi magiya, sai fa in kiran mahaifa ne ko labarin rashin lafiya.

Game da lokaci, Hausawa sun gama magana da suka ce da sanyin safiya ake kama fara. Tsakanin sallar asuba da hantsi baƙin nan yawancinsu ba su farka ba, unguwa shiru, ciki bai yi nauyi ba. Wanda kuwa ya ci tuwo ya ƙoshi da rana tsaka ya ce zai yi talifi, to barci ya ɗaura wa niyya. Zarnuji ya kawo labarin Imamu Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, cewa yakan ajiye ruwa kusa da shi da dare yana korar barci da shi, yakan kuma jera littattafai iri-iri, in ya gaji da wani fanni ya koma wani. Shaihu Zarnujin ya lissafa har abubuwan da ke kawo mantuwa, ciki har da cin tuffa mai tsami da ratsawa tsakanin ayarin raƙuma. Ayari dai ya yi wuya a titunanmu yanzu, sai dai mutanen Agadas su kiyaye. Amma ya ambaci yawan damuwa da harkokin duniya cikin jerin, wannan kuwa har gobe tana nan, ya kuma yabi asuwaki da zuma, waɗanda ba wanda ya taɓa nadamar riƙonsu.

Na san za ka ce da ka sami halwa, wuri nesa da mutane, da tuni ka gama. Gaskiya ne halwa tana da albarka. Ibnu Haldun ya keɓe a Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya zuba Muƙaddima cikin wata biyar a 1377. Malam Abubakar Imam ma sai da aka ɗauke shi daga koyarwa a Midil ta Katsina aka kai shi Zariya a 1936, aka sauke masa sauran ɗawainiya, sa'an nan ya rubuta Magana Jari Ce cikin wajen wata shida. In ka sami irin wannan dama ka riƙe ta hannu biyu. Amma kada ka jingine alƙalami kana jiranta, domin Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812 alhali yana tsakiyar ɗawainiyar yaƙi da raya sabon birnin Sakkwato, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa ta yi talifi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ga hidimar gidan mijinta Waziri Giɗaɗo, ga karantar da mata ta hannun jagorori mata da ake kira jaji, na ƙungiyarta ta 'yan taru. A nan ne nake jinjina wa 'yan'uwana mata marubuta, waɗanda baƙinsu sun ninka namu, don su tukunya ce a kan wuta, da goyo a baya, da wani yana kuka an ƙwace masa takalmi. 'Yar'uwa, ki nemi sa'a guda a yini wadda take taki, ki tsare ta kamar yadda kike tsare adashi. Kai kuma maigida, in Allah Ya ba ka mace mai alƙalami, ka kwashi yaran nan ka fita da su zaure na wannan sa'ar, ba abin da zai ragu a rawaninka.

Wanda ya fi wuyar sallama cikin baƙin duka ɗan gida ne, sunansa Kokwanto. Shi ba ya ɗaga murya, sai dai ya zauna dab da kunnenka yana tambaya ko jimlar nan ta yi, ko wane ba zai yi dariya ba, ko ba gara a koma farko a sake ba. Ta haka mutum zai shekara yana wanke shafi na ɗaya har ya ƙoƙe, na biyu bai zo duniya ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi wa irin wannan hukunci mai hikima a babin rafkanuwa, wanda duk wanda ya karanta Ahalari ya sani: mai fama da waswasi a salla ba a umurce shi ya yi ta komawa yana kawo abin da yake shakka ba, an ce ya watsar da shakkar ya ci gaba, in ya sallame ya yi ba'adi. Salla ta fi ƙarfin a gwada ta da aikinmu, amma hikimar abin ara ce. Ka ci gaba da rubutu har ka kai inda ka yi niyya, kome ya yi maka raɗa. Gyara yana da ranarsa, ran nan kuwa ka kira Kokwanto da kanka, ka ba shi buzu da jan alƙalami, domin a wannan aiki ba wanda ya kai shi gwaninta.

Daga ƙarshe akwai wata baƙuwa mai kwalliya, wadda ba ta zuwa sai aiki ya yi nisa, lokacin da aski ya zo gaban goshi: ita ce dabarar sabon littafi. Za ta zo maka da suna mai daɗi da buɗewa mai ban sha'awa, ta nuna maka cewa wanda ke hannunka ya tsufa, ita ce za ta fid da kai kunya. Ka girmama ta ƙwarai, don mai yiwuwa kyauta ce daga Allah, amma taura biyu ba ta taunuwa. Ka ba ta shafi guda cikin wani littafin ajiya, ka rubuta duk abin da ta zo da shi, ka sa kwanan wata, ka rufe, ka gaya mata za a neme ta ranar da na hannu ya tafi maɗaba'a. Sa'an nan ka koma babin da ka bari, ka karanta saɗara uku na ƙarshe da ƙarfi yadda kunnenka zai ji, ka ɗora daga nan.