Wai Ɗalibi Ba Ya Koyarwa?

Ku da kuke taɓe baki duk lokacin da aka ce an turo 'yan TP, wato ɗaliban kwalejin ilimi masu gwajin koyarwa, makarantar 'ya'yanku, ku matso, yau da ku nake. Na san zancenku: wanda bai gama karatu ba, me zai koya wa ɗan mutane? To Alhaji, tuna mini wanda ya riƙa biya maka allo a tsangaya. Alaramma ne da kansa? Haba dai! Gardi ne, shi ma yana tsakiyar tilawarsa, ga shi har yau in liman ya yi tafiya kai ake turawa gaba.

Karatun NCE shekara 3 ne, kuma hukumar NCCE da aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi ba ta yarda a ba mutum takarda bai shiga aji ya koyar ba. Kafin nan akan sa shi ya gwada 'yar gajeriyar koyarwa a gaban abokan karatunsa. Amma su waɗannan rufa masa asiri suke yi, don gobe su ma za su tsaya. Yaran firamare kuwa ba su san rufin asiri ba.

Ku leƙa ta taga ranar farko. Ɗan TP ya sha guga, ya rubuta tsarin darasi shafi uku, na minti 40. Alli ya karye sau biyu, rubutun ya fara daga tsakiyar allo ya yi ta hawa sama kamar mai neman tsira. Minti 10 abin faɗa ya ƙare. Ya ce "Kun gane?" aji ya amsa "E, Malam!" da ƙarfi, shi kuwa har ya ji daɗi, bai san haka suke amsa wa kowa ba. Sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu: "Malam, mu fita?" 'Yan bencin baya tuni sun raɗa masa suna. Wane lakcara ne zai koya masa maganin wannan a ɗakin lacca? Sai ya sha kunya, ya koma gida ya sake shiri, ya gano cewa wanda ya fi yin shiru shi ya kamata a fara tambaya.

Ku ma ɗalibai ban ƙyale ku ba, masu cewa "ni fa jami'a ce ban samu ba, ba koyarwa zan yi ba". Sannu manya! Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello Kwalejin Katsina suka yi, suka fito suka riƙe alli a makarantun midil na Bauci da Sakkwato. Malam Aminu Kano har a kwalejin horar da malamai ta Maru ya koyar. Kai ne alli zai ɓata wa hannu?

Inda kuke da gaskiya, zan ba ku. Akwai ɗan TP da ba a ganin ƙeyarsa sai ranar da ya ji sufabaiza zai zo duba shi. Akwai kuma malamin aji da yake ganin zuwansu hutu ne ya faɗo masa, ya miƙa rajista ya koma gindin darbejiya, alhali aikinsa ya zauna a baya ya riƙa gyara. Wannan ku yi ƙorafi a kai, har ni zan raka ku wurin hedimasta.

Ni dai da ƙanena ne a kwaleji, ba zan bar shi ya jira a tura shi ba. Islamiyyar unguwa na neman mai taimako, ga masu shirin WAEC da JAMB suna neman mai yi musu lesin da yamma. Kuɗin ba zai wuce na sabulu da kati ba, wani wurin ma "Allah Ya saka da alheri" ne albashin, kuma shi ba a taɓa jinkirta biyansa.