Noman Ɗan Boko

Tsadar kayan miya ce ta mayar da ni manomi. Kowace shekara da zarar damina ta kawo kai, tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya ƙare, ɗan abin da ke isowa 'Yankaba kuma sai mai ƙarfin aljihu. Bana na ce an gama yi mini wannan wulaƙanci. Na sanar da uwargida cewa gidan nan ya daina sayen tumatir. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Shiru ma magana ce, amma a lokacin kunnena na wajen lissafin riba.

A bayan ɗakin girki akwai ɗan fili inda waɗanda suka riga mu zama a gidan suka taɓa yin lambu. Abin da suka bar mana shi ne dangar kara da gara ta gama da ita, da zogale guda, da tulin ledoji. Na sayo fartanya da shebur da malafa. Cikin ukun nan malafar ce kaɗai ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Na ja igiya na auna, na haƙa fangali masu zurfi irin waɗanda na saba gani daga tagar mota a hanyar Zariya. Sai maganar taki. Malaman YouTube sun ce babu kamar kashin kaji, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai sashen da suka ce a bar shi ya yi watanni ya ruɓe tukuna, nan ne data ta ƙare mini. Na sa aka kawo buhuna ɗanye shar daga gidan kaji. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a lambu, ya leƙo ta kan katanga yana toshe hanci.

"Malam, wannan kashin ya huce kuwa?"

Na ce, "Baba, ai yanzu noma ya koma ilimi."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Yadda ya ja "to" ɗin nan, da ni mai hankali ne da na ajiye shebur.

Ƙudajen unguwa suka yi hijira zuwa gidanmu, uwargida ta ɗauke murhu ta koma zaure. Na sayo dashen tumatir na dasa. Don kada dashen ya ji yunwa na ƙara masa yuriya, tafi guda a gindin kowane tsiro, tunda na ga an rubuta kashi 46 cikin ɗari a jikin buhu, ni kuwa malamin makaranta na san 46 ba ta kai makin cin jarrabawa ba. Kafin mako ya zagayo dashen ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da ashana. Na sake sayo wani. Ruwan sama bai zauna ba tukuna, don haka ɗan garuwa ya mayar da ƙofarmu tasha, har ya fara kirana Alhaji.

Da ruwa ya kankama a watan Agusta, fangalina suka cika fal, kwaɗi suka tare. Ganyen tumatir ya yi rawaya, furen ya zube. Na tuna da tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari talaka. Wallahi sai na ji wani ɗan alfahari: cutar manyan manoma ta ga lambuna ya isa a ziyarta. Na kira Baba ya zo ya shaida. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya tumɓuke guda ɗaya ya shinshina saiwar.

"Malam, sharon ba ta san da zamanka ba. Ruwa ne ya ruɓar da shi. Fangali na rani ne, don ya riƙe ruwa. Da damina kunya ake yi, a ɗaga shuka sama. Tumatir kuma ɗan hunturu ne, sanyi yake so da bushewar iska. Kai da ka ga yana tsada da damina, ba ka tambayi dalili ba?"

Na ce ina sane, gwaji nake yi. Uwargida daga zaure ta yi wani tari da ba na mura ba.

Abin haushin shi ne lambun bai tashi a banza ba. Lalo da alayyahu da babu wanda ya shuka suka fito a gefen danga, kore shar. Kuɓewar da uwargida ta watsa 'ya'yanta a bakin wurin wanke-wanke, babu igiya babu awo, ta fara haihuwa cikin wata biyu. Muka yi ta shan miyar kuɓewa ɗanya, kullum sai ta ce, "Maigida, a ƙara maka? Ta gonata ce."

Tumatir uku suka tsira a wani ɗan tudu da na manta ban haƙe ba. Na riƙa kewaya su safe da yamma, har na ɗauke su hoto. Ranar da suka fara ja na tafi sallar Juma'a, na bar gyaran danga sai na dawo. Akuyar Baba ba ta jira ba. Ta cinye tumatir da ganye, ta haɗa da bakin malafar.

Da yamma Baba ya yi sallama ya ba da haƙuri sosai. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Af, Malam, in za ka sake shuka da hunturu, ka sa kabeji. Ta fi son shi."