Kunne Biyu, Hali Barkatai

Tun da wayar hannu ta haɗa aikin rediyo da rikoda da majigi, babu teburin mai caji daga Tafoki har Sheme da ba za ka tarar da iyafis suna reto a jikin ƙusa ba. Hanyar kayan nan ɗaya ce. Daga masana'antun China su sauka Legas ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, 'yan kasuwar Funtuwa su saro, mu kuma su iso mana cikin leda da ƙurar hanya. Da ja da fari da baƙi, da mai igiya da mai bulutut, akasarinsu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Masu sayen ne kowa da kalar halinsa, kuma mai teburi ya fi kowa shan wahalarsu.

Sarkinsu shi ne Mai Gwaji. Ba ya zuwa da gaggawa, kuma ba ya zuwa lokacin da babu mutane. Sai bayan la'asar, da teburi ya cika da masu karɓar caji, za ka gan shi ya iso, ya yi sallama, ya gaisa da kowa har da tambayar gona da iyali, sannan ya nuna da leɓe ya ce, "Malam, ɗan miƙo mini wancan jan in ji." Zai warware igiyar a hankali, ya cusa a kunne, ya lumshe ido, ya karkatar da kai gefe guda. Waƙar gwajinsa ɗaya ce tak, kuma ba ya barinta ta wuce kiɗan farko. Da mawaƙi ya ja numfashi zai buɗe baki, sai ya mayar da ita baya. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya girgiza kai ya ce, "Wannan yana da murya, amma ba shi da ƙasa." A miƙo masa fari. Shi kuma yana da ƙasa, amma muryar ta shige ciki. A miƙo baƙi. Baƙin ya haɗa duka biyun, sai dai kalangun yana fitowa ta hagu fiye da dama.

A nan ne aikin yake fara daɗi. Zai ari wayar wani bawan Allah da ya zo karɓar cajinsa kawai, a tura waƙar ta Xender, ya sa ja a kunnen dama, fari a kunnen hagu, ya ce a danna su lokaci guda. Ba su taɓa tashi lokaci guda ba, don haka a sake. Daga nan ya nemi shaida. "Ɗan'uwa, don girman Allah saurara ka faɗi gaskiya, ban da son kai." In shaidan ya ce ja ya fi, sai ya ce ai kai ba ka san sauti ba. In ya ce fari, sai ya ce ka ga matsalar ke nan, ba ka saurara da kyau ba. Mai teburi, wanda tuni ya fara istigfari a zuci, zai rantse masa cewa kwali ɗaya suka fito, launi ne kawai ya raba su. Mai Gwaji ya yi murmushin tausayi ya ce, "Haka dai suke gaya muku."

Ana kiran magariba zai ajiye su duka a cukurkuɗe, kowanne da tsarabar dauɗar kunnensa, ya ce, "Bari in je in yi shawara." Washegari ya dawo neman jan, a ce masa wani yaro ya saye tun da safe ba tare da ya gwada ba. Daga ranar nan jan ya zama iyafis ɗin da ba a taɓa kawo irinsa jihar Katsina ba. Zai yi wata yana ba da labarinsa a majalisa, yana kwatanta yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos ke fitowa a cikinsa tar, alhali da bakinsa ya ce ba shi da ƙasa.

Ƙaninsa shi ne Ɗan Orijinal. Shi sauti bai dame shi ba, kwali yake saye. Zai shinshina shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kankare tambari da farce, ya ce na Kano ya fi wannan nauyi. In ka ce masa Oraimo ne, sai ya ce shi ba ya son kayan China, ya fi son na kamfanin Tecno. Babu amfanin gaya masa cewa Tecno da Itel da Infinix da Oraimo duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Ya riga ya yanke hukunci tun daga gida.

Sai Injiniya, wanda ba a ganinsa sai makarantu sun yi hutu. Yakan dawo daga Zariya da wani ɗan akwati da ya ɗaure a bayan waya da roba, igiya ta shiga nan ta fita can, ya ce amfilifaya ne, kuma duk wanda bai saurari waƙa ta cikinsa ba bai taɓa jin waƙa ba. Na'urar gaskiya ce, kuma tana da aikinta. An yi ta ne don manyan hedifon masu rufe kunne gaba ɗaya, irin masu ohm 250 ko 300, waɗanda ƙarfin waya ba ya isa ya motsa su yadda ya kamata. 'Yan ƙananan da ake cusawa a kunne yawancinsu ohm 16 ne zuwa 32, kowace waya tana ɗaukarsu ba tare da nishi ba. Injiniya ya san wannan sarai, don shi ya koya mana. Abin da ba ya so a tambaye shi shi ne me yake saurare. Waƙar Shata ce, wanda ya rasu tun 1999, an kwaso ta daga tsohon kaset zuwa memori, ta bi WhatsApp ta wuce hannu ya fi a ƙirga. Abin da amfilifayar ke ƙara wa ƙarfi shi ne shuuu ɗin kaset. An ɗaura wa jaki sirdin hawan Sallah, amma shi Injiniya yana lumshe ido yana cewa, "Ka ji zurfi?"

Akwai Mai Fari. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 ya fito da AirPods, masu kwaikwayo suka cika duniya da 'yan farare marasa igiya, har suka iso mana. Mai Fari ɗaya yake maƙalawa, a kunnen da ke kallon jama'a. A garin da wutar lantarki sai an yi sa'a, shi yake biyan kuɗin cajin abu uku: waya, gidan iyafis, da fawa bankin da zai caja su. Sau da yawa batirin ya daɗe da mutuwa, amma ado ba ya buƙatar caji. In ka gaishe shi sai ya ɗaga maka yatsa, ya dafa kunne ya ce, "Eh, Alhaji, ina jinka." A 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da sauran maƙwabta saboda matsalar tsaro, mutane suna tafiya mai nisa kafin su samu su kira 'yan'uwansu, shi an gan shi a bakin kasuwa yana amsa kiran Abuja.

Mai Liƙi bai sayi sabo ba tun auren yayarsa. Kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ba ya magana sai an lanƙwasa igiyar daidai wuyanta an riƙe da babban yatsa. Ya naɗe ta da salatif, ya bi da zare, ya ƙara da ƙyalle. Zuwansa teburi don ya tambayi farashi ne kawai, ya ce kai, abubuwa sun yi tsada, ya koma ya ƙara zare.

Mai Aro kuwa minti biyar yake nema. Bayan kwana uku zai dawo maka da shi babu robar kunne ɗaya, ya ce da ma haka ka ba shi.

Uwargida ba ta zuwa da kanta, aike take yi. Yaro ya karɓa ya tafi, ya dawo ya ce, "Ta ce ba wannan ba, irin na amaryar gidan Liman." A canza. Ya sake dawowa ya ce launin bai shiga da mayafinta ba. In an dace, ranar maigida zai ci tuwo da ƙauri, don ana karanta mata littafin soyayya a kunne, kuma an zo daidai wurin da kishiya za ta shigo.

Wanda ya fi su duka hankali shi ne Baba Mai Rediyo. Shi ya gano cewa rediyon FM na cikin wayarsa ba ya kamawa sai an jona iyafis, domin igiyar ce eriyarsa. Saboda haka ba ya tambayar murya, ba ya tambayar ƙasa. "Yaro, ba ni wanda ya fi tsawon igiya." Ya biya, ya je gindin bishiya, ya saƙala igiyar a reshe, ya buɗe lasifikar waya, shi da abokansa su ji labarai tare. Bai taɓa sa abin a kunnensa ba, kuma cikin duk masu sayen nan shi kaɗai ne ya samu abin da ya zo nema.

Kada a manta da 'Yan Benci. Waɗannan ba su saye, ba su sayarwa, amma babu cinikin da zai wuce ba su sa baki ba. Su ne masu cewa "ɗauki baƙin, ya fi jure datti," su ne masu zuga Mai Gwaji ya ƙara gwada ɗaya. Wayarsu ta cika da caji tun azahar, zaman kallo ne ya riƙe su. An ce ma akwai ɗaya a cikinsu da yake komawa gida da dare ya rubuta halayen mutane ya aika wa jarida. Allah ya shirye shi.

Ɗan Bes shi ne wanda dariyarsa ke zuwa da ɗan tausayi. Ma'auninsa ɗaya ne: in bai ji kansa yana rawa ba, kayan jabu ne. A motar Funtuwa, fasinjan da ke kujerar baya yana iya bin waƙar da yake ji a gidan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin wannan saurare, kuma ta ba da ma'auni ga manya: desibel 80, kada ya wuce awa 40 a mako. In ka karanta masa wannan zai kalle ka da murmushi ya ce, "Na'am? Me ka ce?" Jijiyoyin ji kuwa in suka lalace ba sa dawowa, kuma babu teburin da ake sayar da sababbi.

Na ƙarshe ba abin dariya ba ne. Shi ne ɗan acaɓan da zai toshe kunnuwansa biyu, ya ɗauki mace da goyo da buhun masara, ya hau titin Funtuwa zuwa Gusau inda tireloli ke wucewa dare da rana. Direba yana ta ham a bayansa, shi yana kaɗa kai. Fasinja tana cewa "Malam, a hankali," shi yana bin amshi. In ka taɓa kafaɗarsa ka ce ya cire, sai ya juyo yana kallonka, babur yana ci gaba da gudu, ya ce ai shi da ido yake tuƙi. Wannan ganganci ne da ran mutane. Mai Gwaji lokacin mai teburi kawai yake ɓatawa, Mai Fari kansa kawai yake ruɗi, amma wannan rayukan da aka ba shi amana yake wasa da su a kan waƙar minti biyar.

Kuma mu nan mun fi kowa sanin darajar kunne. Mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun shafe shekaru suna kwana suna sauraren motsin dare, suna bambance ƙarar babur ɗin gari da na baƙo. Sau nawa ihun maƙwabci ko kiran wani daga gona ya zama sanadin tsira? Wanda ya toshe kunnensa a hanyar daji ko a bakin gari da dare ya cire kansa daga cikin masu jin gargaɗi, ya kuma cire wanda ya goya.

Saboda haka, mai karatu, in ka je teburi ka ɗauki wanda kuɗinka ya kai, ja ko fari, ka gwada sau ɗaya ka biya mutum haƙƙinsa. Ka rage ƙara. In kuwa ka hau bayan ɗan acaɓa ka ga igiya ta fito daga wuyan rigarsa zuwa kunnuwa biyu, ka ce ya cire kafin ya tayar, in ya ƙi ka sauka ka nemi wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.