Masu Dubiya

An kwantar da Baba a asibitin Sabon Birni, likita ya ce ya huta. Dangi a Gatawa suka ji, suka cika mota suka taho taya shi hutawa.

Kowa ya shigo sai ya durƙusa: "Sannu Baba, ya jiki?" Baba ya ce da sauƙi. Kafin azahar muryarsa ta dushe saboda yawan sauƙi.

Cikin masu dubiya kuwa babu wanda bai karanci likitanci ba. Gwaggo ta ce a jiƙa sabara. Kawu ya ce a wuce da shi Galmi. Wani maƙwabci ya ce Sakkwato, domin wansa ya yi irin ciwon nan sak, Allah ya jiƙansa.

An kawo fura da lemo da tsire. An hana Baba tsire. Almubazzaranci kuma haramun ne, don haka jama'a suka sadaukar da kansu.

Da la'asar nas ta shigo da allura. Ta tarar da Kawu yana minshari a kan gado, Baba na kan tabarma yana yi masa fifita. Da kyar aka ceci Kawu.