Likitocin Fijo a Tashar Batsari

Idan tsohuwar Fijo 504 ta ƙi tashi ranar kasuwar Batsari, an ɗaure buhunan rogo, fasinjan Safana sun matsu a ciki, ba ta rasa likitoci. Direba ya murza makulli, injin ya yi ta gurnani bai kama ba. Kafin ya ɗaga bonet an yi masa zobe.

Mai fara zuwa shi ne Malam Batir. Daga rumfar mai shayi yake yanke hukunci: "Direba, batir ne!" Alhali kowa na jin injin yana juyawa da ƙarfinsa, abin da mataccen batir ba ya yi. Ko taya ce ta yi faci, maganarsa ke nan.

Sai Sarkin Turi. Yatsa biyu yake ɗorawa a but, sauran ƙarfin duk a maƙogwaro: "Ku tura! Sa mata giya biyu! Saki kuloci!" A kai ta bakin titi, a dawo da ita, kowa ya jiƙe sharkaf ban da shi.

Akwai mai tsotso, wanda ya rantse man ne ba ya zuwa. Ya zare tiyon kafireta ya kafa baki, ya tofar, ya wuni yana gyatsar fetur.

Wanda na fi so shi ne Baba tsohon direba. Ya san motar tun ana harhaɗa ta a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuma har yau bai yafe daina yin ta da aka yi ba. Ilimi kam akwai. Zai gaya maka wuta na bin fulogi ne ɗaya, uku, huɗu, biyu, in ka sauya waya ɗaya sai ta yi ta harbi ta salansa. Ya san kwayil in ya yi zafi ana lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya san gawayin cikin murfin distirbita in ya cinye ana fasa batirin tocila a feƙe nasa a sa. Matsalar Baba, kowane bayani sai ya biyo ta wata tafiya da ya yi zuwa Jibiya da a-kori-kura zamanin Shagari, kuma ba a katse shi. Hajiyar gidan gaba tana ta duban rana, don hanyar da ta yi maƙwabtaka da dajin Rugu ba a son la'asar ta yi sanyi a kanta. "Baba, don Allah a bar Shagari ya huta."

Ɗan makaranta ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda ake jona kwamfuta. Wani kuma ya ja direba gefe, murya ƙasa-ƙasa: wa ya yaba motar nan da safe?

Can sai ga mai wayarin, sukundireba a aljihu, ba ya ko sallama mai tsawo. Ya zare wayar tsakiya daga distirbita ya kusanta da jikin injin. "Oga, murza." Wutar da ya kamata ta yi tsalle shuɗiya, tas, ta fito jaja-jaja da ƙyar. Ya buɗe murfi: bakin kwantak ya ƙone, ya yi baƙi, alamar kwandansa ta gaji. Ya karɓi kwalin ashana wurin mai shayi, ya goge da gefen ƙyastawa, ya daidaita tazarar zuwa kusan milimita 0.4 da ido kawai. Murzawa ɗaya ta ɗauka.

Saura direban kansa, wanda shi ma iri ne. An ce masa wannan lallaɓawa ce, ya sayi sabuwar kwandansa in ya shiga Katsina. "Gobe in Allah ya yarda," in ji shi, yana ƙirga canji. Yaron motarsa ya kau da kai yana dariya, don tun daminar bara goben take.