Gida Ba Shi da Anka

A ƙasashen Turawa akwai wata jama'a da rufin asiri ya yi wa yawa. Mutum yana da gida mai ɗaki huɗu, famfo ba ya yankewa, wuta ba ta ƙiftawa, sai wata safiya ya tashi ya ce duniya ta yi masa ƙunci. Ya sayar da gidan, ya raba wa dangi kujeru, ya kai kare wurin ƙanwarsa, ya sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda tsawonsa bai fi mita 12 ba, ya ɗauki matarsa su faɗa teku. Duk watan Nuwamba irin waɗannan jirage wajen 200 kan taru a Las Palmas da ke tsibiran Kanari, su tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia, tafiyar mil 2,700 na ruwa, a wani gangami da ake kira ARC wanda aka fara tun 1986. Su ba masunta ba, ba fatake ba, babu kuma wanda ya koro su. Wahala ce suka saya da kuɗinsu, shi ya sa suke ji da ita.

To, tafiyar tasu ce, babu ruwanmu. Inda abin kallo yake shi ne ranar dawowa. Domin komai daɗin yawo, wata rana gwiwa takan fara ƙara, asusun banki ya rame, a aiko da hoton jika na farko, ko uwargida ta tashi da safe ta ce ita kam ta gama wanka da kofi. Sai a sa jirgi a kasuwa, a sayar da shi ƙasa da abin da aka kashe masa nesa ba kusa ba, mutumin da ya shekara goma ana kiransa Kyaftin ya tako tudu da jaka biyu da fata ƙonanniya.

Abokiyar gabarsa ta farko ita ce ƙasar kanta. Jikin da ya saba da jijjiga ba ya yarda cewa an tsaya, sai ya ji daɓen falo yana lilo. Likitoci sun san wannan larura, ga yawancin mutane takan wuce cikin 'yan kwanaki, ga wasu kuma takan ja watanni. Ka ga dattijo a cikin kanti yana tafiya ƙafa a wawware kamar yaron da aka yi wa kaciya, hannu ɗaya yana laluben abin kamawa. Da dare kuwa iska na kaɗa labule zai yi zumbur ya miƙe, ya ɗauki tocila ya nufi taga. A teku, iska in ta tashi anka na iya sakin ƙasa jirgi ya zame ya hau kan na kusa, don haka Kyaftin yana dubawa ne ya ga ko gidan maƙwabci ya matso. Gidan maƙwabci bai matso ba. Maƙwabcin dai ya ga hasken tocila, ya kuma fara tunanin kiran 'yan sanda.

Sai maganar ruwa. Tankin irin wannan jirgi bai cika wuce lita ɗari uku zuwa huɗu ba, kuma da shi mutum biyu za su sha, su dafa, su yi wanka na makonni. Ba'amurke guda a gidansa kuwa yakan ɓatar da kusan lita 300 a yini. Saboda haka baƙon da ya shiga banɗakin Kyaftin ya shiga uku. Yana sakin famfo zai ji tari a bakin ƙofa, in ya wuce minti biyu a ƙwanƙwasa a tambaye shi ko lafiya. Kafin ma ya shiga an yi masa lacca kan abin da ake jefawa a masai da abin da ba a jefawa, domin masan jirgi da hannu ake buga shi, in ya toshe kuma Kyaftin ne mai kwance shi, abin da ya gani a can bai manta ba. Haka yake bi ɗaki ɗaki yana kashe fitila don kada batir ya sauka, alhali gidan na haɗe da wutar gari. Kofin shayi ba ya kwana a kan tebur, sai an cusa shi a durowa an tokare da tawul, ko da falon zai karkata cikin dare.

Bayan mako biyu sai a tuna da sito. Kafin tafiya sun kama hayar wani ɗakin ajiya suka loda abin da suka ce ba za a iya rabuwa da shi ba, suna biya wata wata tsawon shekara goma. Ranar buɗewa ana zumuɗi, sai ga talabijin mai ƙeya, da kwat ɗin da ba ta shiga kowa, da akwatin wayoyin na'urorin da aka daina ƙerawa. In aka haɗa kuɗin hayar, da ya sayi sababbin kayan har da canji. A nan Kyaftin zai yi huɗuba a kan yadda tarin kaya ke bautar da ɗan Adam, sannan ya ɗauko hayar mota a kwashe su duka zuwa gida.

Hukuma ma ba ta san shi ba. Banki na neman takardar kuɗin wuta mai ɗauke da adireshinsa, shi kuwa adireshinsa na shekara goma shi ne duk inda iska ta ga dama. Kamfanin inshorar mota ya ɗauke shi sabon direba. Mutumin da ya ratsa mashigin Panama, ya yi mako uku ko huɗu bai ga tudu ba tsakanin Galapagos da tsibiran Marquesas, ga shi a layi yarinya sa'ar jikarsa tana ce masa kwamfuta ba ta ga tarihinsa ba.

Amma duk wannan share fage ne. Babban wasan shi ne ginin gida. Kyaftin zai zauna gaban mai zanen gida ya ce masa: "Ka ga, mu mun koyi zama da kaɗan. Ɗaki ɗaya da falo ya ishe mu, ba ma son almubazzaranci irin na mutanen tudu." Mai zane ya gyaɗa kai, don ya saba jin wannan waƙar. Mako na biyu a ƙara ɗakin jikoki. Na uku a ƙara ɗakin kayan aiki. Na huɗu a ƙara gareji, motar kuma a waje za ta riƙa kwana, domin garejin na igiyoyi ne da tsofaffin taswirorin teku da wani injin da ya ƙi sayuwa. Taga ɗaya dole ta zama zagayayya. A rataye ƙararrawar tagulla a bakin ƙofa, a kafa na'urar auna iska a kan rufi, a manna ta auna yanayi a zaure, kullum da safe ya je ya ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin ya yanke shawarar ko za a iya fita sayen burodi. Ya sayar da jirgi ya gina wani, wannan dai ba ya zuwa ko'ina.

Ma'aikatan ginin su ne abin tausayi. Duk wanda ya zauna a jirgi ya zama makanike da kafinta da mai gyaran famfo da tela, don in abu ya lalace a tsakiyar teku babu wanda za a kira, gishiri kuma ba ya barin ƙarfe ya huta. Don haka Kyaftin ya san komai. Zai tsaya a kan mai haɗa wuta yana ba shi labarin yadda ya taɓa gyara janareto da cokali. Zai ce kowane ƙusa sai wanda ba ya tsatsa, alhali tsakanin gidan da teku tafiyar awa uku ce a mota. Zai ce shi zai yi rufin da kansa, sai jami'in ba da izinin gini ya zo da littafin ƙa'idoji ya nuna masa cewa a tudu akwai wani kyaftin sama da shi. Aikin da aka ce wata shida ya shiga shekara ta biyu, suna zaune cikin ƙaramar tirela a gefen filin, ruwa a jarka, wuta daga sola. Abin mamaki, wannan ne kaɗai lokacin da aka ga Kyaftin cikin walwala.

An tare a gida, an gayyaci mutanen unguwa walima. Nan ne za su gane abin da ya same su. Ka ce masa tumatir ya yi tsada, ya ce ai ba ka ga na Bahamas ba. Ka ce an yi ruwa jiya, ya yi murmushin tausayi, ya ce wannan yayyafin? Ko gaisuwar rasuwa aka je, kafin a shafa addu'a ya kai jama'a Tonga. Mu ma dai kada mu cika dariya, muna da namu: wanda ya je kwas na wata uku a ƙasar waje ya dawo shekara ashirin ke nan, har yau ba a gama hira da shi bai ce "ai a can ba haka suke yi ba."

Uwargida kuwa tuni ta sauya sheƙa. Ta ga injin wanki, ta ga firjin da ake buɗewa a tsaye ba sai an zura kai a rami ba, ta ga murhun da ba ya lilo da tukunya. Ranar da Kyaftin ya fara zancen ko za su ɗan leƙa wani jirgi da aka sa a kasuwa, kallo kawai, sai ta ce masa: "Maigida, Allah ya kiyaye hanya, ka gaida kifaye. Ni da wannan injin mutu ka raba."

Cutar nan tsohuwa ce. A labarin Odisiyos na tsoffin Girkawa, an umarci gwarzon cewa bayan ya koma gida ya saɓa filafilin tuƙa jirgi a kafaɗa, ya yi ta nausawa cikin tudu har ya haɗu da wanda zai ɗauka shebur ɗin sheƙar hatsi ne, a nan zai kafa shi a ƙasa. Wato tun zamanin da an san maganin matuƙi sai an kai shi inda babu mai fahimtar labarinsa. Joshua Slocum, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai a jirginsa Spray tsakanin 1895 da 1898, ya sayi gona a tsibirin Martha's Vineyard na Amurka a 1902 da niyyar zama. Gona ba ta riƙe shi ba. A Nuwamban 1909 ya sake fita, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma duk tsawon rayuwarsa bai koyi iyo ba. Shi kuwa Bafaranshe Bernard Moitessier ko gwada saukar bai yi ba. A gasar kewaya duniya ba tsayawa da jaridar Sunday Times ta shirya a 1968, ga kyautar fam 5,000, ga matarsa na jira a Faransa, ya riga ya wuce wurare mafiya haɗari, sai a Maris na 1969 ya harba wasiƙa da danƙo cikin wani jirgi a kusa da Cape Town cewa shi ya fasa komawa Turai, a teku ya fi samun kwanciyar rai. Ya zarce Tahiti. Masu wayon cikinsu su ne Lin da Larry Pardey, waɗanda suka yi tafiyar sama da mil 200,000 a ƙananan jiragen katako marasa inji, da suka tashi yin gida sai suka yi shi a tsibirin Kawau na New Zealand, inda ko sayayya za ka sai ka shiga jirgi.

Me suke gudu a tudu haka? Su za su ce kewar teku ce, da faɗuwar rana, da kifayen da ke rakiyar jirgi. Ni kuwa ina zargin kewar anka ce. A teku in jirgin da ke kusa da kai ya cika kiɗa, ko mai shi ya cika surutu, sai ka jira asuba ka ja ankarka ka koma wani lungu, ba faɗa ba sallama. Abota ta mako biyu ce, a ci a sha a yi musayar adireshi a rabu kafin kowa ya ga halin kowa. Bikin da ba ka son zuwa, kana Fiji. Suruki ba shi da lafiya, babu sabis. Lokacin guguwa ya zo daga Yuni zuwa Nuwamba, ka gangara Grenada ka fake. Komai yana da maganinsa guda ɗaya, wato tashi.

Gida kuwa ba shi da anka. Ciyawar ƙofa sai an yanke ta duk Asabar, in ba haka ba ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko da takarda. Karen maƙwabci zai yi haushi yau, ya yi gobe. Wanda kuka yi musu da shi a kan shinge, shi za ka tarar a layin kanti, shi ne kuma zai kai ka asibiti ranar da gwiwar nan ta ƙi. Hausawa sun gama magana da suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma wannan jarrabawar ce Kyaftin ya shekara goma yana kauce mata yana kiran kaucewar jarumta. Ba na raina wanda ya tsallaka teku, aiki ne na maza. Sai dai guguwa komai ƙarfinta kwana biyu ko uku ce ta wuce. Maƙwabcin Kyaftin kuwa bashin gida na shekara 30 ya ci, kuma bara ya fara biya.